Mabiyiya a Cikin Ƙanƙara

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, mun sake rasawa. Na uku ke nan. Namiji ne, wata takwas, ya zo ba rai ranar Asabar a ƙaramin asibitin unguwarmu. Na riƙe shi, har gashi ya yi, kunnuwansa irin na Baba. Ban yi kuka a can ba, sai da na shiga shago na rufe ƙofa.

Mai ɗakina ba ta magana. In ta buɗe baki sai ta ce laifinta ne, wai wankin da ta yi a tsugune ne ya jawo.

Amma wannan karon muna da abin riƙewa. Tun a na biyu likita ya ce in abin ya sake faruwa kada a zubar da mabiyiya, a kai ta babban asibiti. A can ake yanka ta siriri-siriri a duba a madubin likita, a gane ko jini ne ke toshewa ko ƙwayar cuta ce, kuma wasu suna da magani. Ungozoma ta ba ni ita a roba mai murfi, ta ce in sa a firji zuwa Litinin, don ɗakin gwajin a rufe yake. Kin san firjin gidanmu, da an ɗauke wuta ya zama kabad. Sai na kai ta shago, na kwashe kifin firiza guda na sa ta ita kaɗai, janareta bai huta ba kwana biyu. Shekara goma sha biyar ina sayar da kifi da ƙanƙara. Ke da kike cewa ko maɓalli ba na iya ajiyewa, da kin ga yadda na kai musu ita, tauri kamar dutse.

Sun ce mako uku. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Saƙonki ya iso, Allah Ya bar zumunci.

Sakamako ya fito, kuma babu komai a cikinsa. Likitar ɗakin gwajin, wata dattijuwa mai tabarau, ta zaunar da ni ta ce in leƙa madubin. Ban ga komai ba sai ramuka kamar tsohon soso. Ta ce aikin ƙanƙara ne, ruwan cikin naman ya daskare ya yayyaga shi. Sanyin firji kawai ake so. Ta hango wani abu mai kama da toshewar jijiya, amma ta ce ba za ta sa hannu a kan zato ba. Ko faɗa ba ta yi mini ba, ni kuwa da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yaya, firji ungozoma ta ce. Ni ne na ga na fi ta sanin sanyi. Garin neman gira na rasa ido. Yaron nan abu ɗaya ya bar mana da zai faɗi abin da ya kashe shi da yayyensa, ni kuma na lalata da hannuna. Na tsani shagon nan, ƙarar firizar ma ba na son ji.

Kwana huɗu takardar sakamakon tana aljihuna. Jiya na faɗa wa mai ɗakina komai. Ba ta zage ni ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko likita ta ce ba wankin ba ne. Na so in yi mata ƙarya, amma ta iya karatu, kuma takardar ba ta wanke kowa ba. Sai ta ce ba za ta iya ɗaukar ciki na huɗu a makance ba. Ban musa ba, da wane bakin?

Direban da zai kawo miki wannan wasiƙa yana ɗauke da jaka. Kayan jariri ne, ita ta ninke su da kanta yau da safe. Ta ce ki ba duk wadda kika ga tana buƙata, kada ki faɗa mata ko daga wa suka fito.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Auta