Ƙullin Guga da Ƙullin Mazagi

Mahjar, Jidda
9 ga Rabi'ul Awwal, 1397

Zuwa ga ɗan kawuna Bawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Dela da yara duka, ya kuma ba Kawu sauƙin ƙafar nan tasa. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maiɗakina Zakiya ta sauka, an samu mace, sunanta Bashira. Kowa ya ce ni ta ɗauko, ka ga Allah ya tsare ta daga irin hancinku. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna da filaya ya saba, ba da alƙalami ba.

To Bawa, raina a ɓace yake. Takardar ɗanka Rafi'u ta iso min ta hannun wani ɗan umra. Ya ce can Zariya inda yake koyon aikin fitilu da labule da lasifika na ɗakin wasan kwaikwayo, masu sana'ar sun kafa ƙungiya, sun ce ɗalibai ma su shigo, kuma ƙarshen watan gobe za a rufe rubuta suna. Ya ce ka hana shi. Hanin bai ƙona min rai kamar hujjar ba. Wai ka ce ga baffansa Ubale can a Jidda, shekara sha biyar yana hawa tsani bai taɓa shiga ƙungiyar kowa ba. Da sunana za ka rufe wa yaro ƙofa? Wa ya aike ka? Kai da in ƙwan fitila ya mutu sai ka kira maƙwabci?

Na sani da bakina na faɗa. Kuma har gobe, daga Mahjar zuwa bakin teku babu mai ɗaura fitila kamata, je ka tambaya. Amma akwai abin da ya faru bara na ɓoye muku, yau ka sa dole in tona.

Wata makarantar maza a Waziriyya ta shirya wasan ƙarshen shekara, aka kira ni. Na ɗaura musu dogon ƙarfe a sama mai ɗauke da labule da fitilu shida, igiya ta nan, igiya ta can. Bayan la'asar, iyaye sun cika, ana tsakiyar wasa, sai gefe ɗaya ya kwance. Ƙarfen ya sauko ya karya wa malamin lissafi kafaɗa. Kafin ƙura ta kwanta mudir, wato shugaban makarantar, ya nuna ni da yatsa ya ce aikin Takarin nan ne, haka suke kiran mu baƙin Afirka. 'Yan sanda suka zo suka karɓe iƙamata, wato takardar izinin zamana. Aka kirawo kafilina, wanda nake zaune a ƙasar da sunansa, mutumin da na yi wa fitilun bikin 'yarsa har aka yi mako ana zancen, ya dube ni ya ce shi da gyaran fanka kawai ya san ni. Babban 'yan sandan ya ce in ba wani daga cikin masu sana'a ya shaide ni ba, halas, sai jirgi zuwa gida. Ga Zakiya da tsohon ciki, ita kuma haifaffiyar nan ce, ko sunan unguwarmu ta gida ba ta iya faɗa daidai.

Ka san nan kowace sana'a da shehunta. Namu na masu wuta da adon biki wani tsoho ne, Hamad. Sau uku yana aiko min in shigo ƙungiyarsu, sau uku ina cewa a gaya mai ni kaɗai ma ƙungiya ne. Abdulwahid, wani Bahaushen Sudan da ke cikinsu, shi ya ruga ya ɗauko shi. Tsohon nan ko kallona bai yi ba. Ya tattare riga, ya hau tsani da shekarunsa saba'in, ya duba gefen da ya riƙe, ya sauko ya duba wanda ya kwance. Ya ce na saman nan ƙullin Ubale ne, ya san shi, dan ya sha karya farce wajen kwance shi a gidajen biki yana tsine min. Ƙullin guga ne, Bawa, wanda Kawu ya koya mana a bakin rijiya, ni na iya kai kana ta jefa guga ciki. Wannan kuwa da ya kwance, ya ce ƙullin mazagin wando ne, ba mai sana'ar da zai yi shi. Aka matsa wa mai sharar makarantar, ya ce mudir ne ya sa shi ya matsar da labulen dan ya tare wa manyan baƙi iskar fanka.

Ina jin haka na fara hura hanci. Sai Hamad ya ce wannan hira ce kawai ya yi, a al'adarsu shehu ba ya sa hannu a takarda dan wanda ba nasu ba. Ya juya yana neman takalminsa. Ni Ubale, da gemuna, a gaban yara, na bi shi na ce ina so in shigo. Ya ce kunnensa ya yi nauyi, in sake. Na sake. Nan tsakar makarantar 'yan ƙungiyar da suka biyo shi su bakwai suka kewaye ni aka karanta Fatiha, na sumbaci kansa, sannan ya sa hannu. Kafin magariba iƙamata ta dawo aljihuna.

Kar ka ɗauka na huce. In an yi taro kusa da takalma ake zaunar da ni, ni ke zuba shayi, wai ni ne ƙarami, ga mutanen da zan koya wa aiki ina barci. Surutu kuwa sai ka ce a kasuwar kifi kake. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni su suka yi min aikin da na karɓa, kuma a wajensu na ga wata dabarar haɗa waya da ban sani ba. Wannan ita kaɗai ce, kuma ban ce ka faɗa wa kowa ba.

Saboda haka ka bar yaron nan ya rubuta sunansa tun yana ɗalibi. Makaranta za ta koya mai ƙulli, ban musa ba. Amma ran da ƙarfe ya faɗo, takardar makaranta ba za ta hau tsani ta ce wannan ba hannun Rafi'u ba ne. Sai mutanen da suka san hannunsa. Ni na ci sa'a maƙiyina ya san nawa, shi wa ya san nasa? Gara ya zuba shayi yanzu da ƙuruciyarsa, da ya zuba da furfura irina.

Ga guntun igiya nan cikin ambulan, na yi ƙullin a jiki. Ba naka ba ne, kar ka taɓa, na san ba za ka iya kwancewa ba. Ka ba Rafi'u ya kai wa mutanensa su gani, ya ce daga baffansa ne, ɗan ƙungiya.

Ka gai da Kawu da kyau, ka gai da Dela, da Aishatu da mijinta, da Adamu. Zakiya na gaishe ku. Zancen sumbatar kai kuwa, in na ji shi a bakin Dela, na san inda ya fito.

Naka, wanda ya fi ka tun a bakin rijiya,
Ubale