Wutar da Ke Tsayawa a Sama

Gold Coast, ranar Alhamis

Zuwa ga matata Pawlina,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda bai saba kwana nesa da ke ba. Yaya ƙarfin jiki, yaya hannun? Ina fata kina cin abincin asibitin nan ko da ba gishiri, kuma kin daina hararar matar da ke motsa miki yatsu. Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaida ƙanwarki Nena, ki ce na gode da zaman da take yi da ke.

Mun iso lafiya, ni da 'yarki Josette da motocin kaya. Na san za ki ce me ya hana ni bugo waya. Kin san kunnuwana. In yi ta cewa ki maimaita, ke kuma harshenki bai gama dawowa ba, sai mu tara wa nas-nas abin dariya. Gara takarda, ko da zan riga ta isowa wurinki a Mackay.

An tsara gasar wasan wuta ta ƙasashe dare uku. 'Yan Filifin ranar Asabar, 'yan Italiya ranar Laraba, mu kuma da muke tsaya wa Ostareliya mu rufe a Asabar ta gaba. Jiya na ɗauki hular kwanona zan bi ma'aikata zuwa faffaɗan jirgin ruwan da ake jera bututan harba wuta a kansa, sai Josette ta tare ni tun kafin in taka.

“Baba, ba ka jin rediyon oba-oba. In na ce a tsaya ba za ka ji ba.”

Na ce mata ina haɗa albarushi tun ba ta da haƙori ko ɗaya. Ta ce ai shi ya sa kunnen ya tafi. Ta sumbace ni a kumatu, ta shige jirgi, ta bar ni tsaye da hula a hannu. Wallahi Lina, na rasa fushi zan yi ko kunya zan ji. Shekara arba'in da wani abu ina ƙarƙashin wuta, kaina a sunkuye, idona a kan bututai, yau an ce in koma cikin 'yan kallo masu cin soyayyen dankali.

To, ga kuma aikin da kika ɗora mini. Ban manta yadda kika turo jakar kyamararki da hannun hagu kika ce, “Hoto. Kai.” Da na ce masu gasar suna da nasu masu ɗaukar hoto, har da bidiyo, sai kika juya fuska ga bango. Na fahimta. Tun aurenmu ba mu taɓa yin wasan wuta ba tare da hoton da kika ɗauka ya hau bangon falo ba, kuma wannan ne karo na farko da 'yarki za ta jagoranta. Na yi alkawari, zan kawo miki. Sai dai na buɗe jakar, na ga maɓallai sun fi na gaban jirgin sama yawa. Ga sanda mai ƙafa uku, ga 'yar waya mai abin latsawa, ga wani baƙin kwali da ya tsufa har gefensa ya yi laushi. Na kusa jefar da shi, na tuna ba kya ajiye abu a banza.

Akwai abin da ke damuna, kar ki gaya wa Nena. Kin san abin da ya bambanta mu da kowa: wutar mutane tana fashewa ta mutu, tamu tana tsayawa a sama, zare-zare, kamar yadda kowa ke gani a bangonmu. Gawayin kurangar inabi ne, yadda mahaifina ya koya a Malta. Josette ta koma sayen gawayi daga kamfani, kuma kwamfuta ce za ta harba komai. Ina tsoro.

Naki har kullum,
Wenzu


Ranar Lahadi

Lina tawa,

Barka da hutun Lahadi. Da fatan Fada ya leƙo ki da addu'a, kuma an samu ci gaba a yatsun. Ni lafiya lau, in ban da mura da iskar teku ta ba ni.

Jiya na gwada a kan 'yan Filifin, kuma ban san ta inda zan fara ba. Na je bakin teku tun rana ba ta faɗi ba, na tarar masu ɗaukar hoto sun jera ƙafafun kyamara kamar shingen gonar rake. Wani tsoho mai jan hanci, Merv Tolhurst, direban bas ne da ya yi ritaya, shi ya matsa mini wuri. Ya kalli yadda na kafa tawa, ya tambaye ni ko kifi na zo ɗauka. Ashe na saita ta a kan jirgin ne, ƙasa-ƙasa, inda bututai suke. Ni ban ma san na yi haka ba. Ya ɗaga mata kai sama, ya murɗa wasu abubuwa, ya danna ƙafafun cikin yashi, ya ce kar in sake taɓa jikinta, wayar kawai zan riƙa latsawa. Ya ce fitilar kyamara a kashe take, in bar ta a kashe, ba zan haska sararin samaniya da ita ba.

Da aka fara sai komai ya rikice mini. A jirgi, ƙara da haske tare suke zuwa, ƙirjina ne ke gaya mini an harba. A nan sai in ga haske, in jira, sannan ƙarar ta iso. Na san dalili a kaina, amma hannuna bai sani ba. Ƙarar yake jira, in ya latsa wutar ta riga ta wuce. Merv yana ta zungurina da gwiwar hannu, wai in latsa tun tana hawa, in riƙe.

“Riƙe mana, dattijo! Ba cizonka za ta yi ba.”

Lina, ta yaya zan riƙe? Abin da aka fara koya mini ina yaro shi ne in taɓa in janye hannu. Wanda ya daɗe da hannu a kan wuta ba ya tsufa da yatsu goma. Ina latsawa sai in ga babban yatsana ya riga ya gudu.

Hotunan da na samu ɗigo-ɗigo ne a kan baƙi, kamar an watsa gishiri a tukunya. Amma in faɗi gaskiya, ba laifina kaɗai ba ne. Wutar tasu ma haka take. Tana da launi, tana bin kiɗa, jama'a suna ta ihu, amma ba ta tsayawa. Na gaya wa Merv ya jira tamu ya ga aiki. Ya ce shi dai duk wuta ɗaya ce a wurinsa, ya miƙo mini shayi a murfin fulas.

Ina kewarki. Ban taɓa tunanin haka kike tsayawa cikin sanyi ke kaɗai, mutane suna take miki ƙafa ba.

Mijinki,
Wenzu


Ranar Alhamis

Pawlina,

Sannu da jiki. Josette ta ce Nena ta ce kin riƙe cokali da kanki. Na ji daɗi har na sayi biredi mai zabibi na cinye ni kaɗai.

Wannan gajera ce, don kaina ya ɗaure. Jiya 'yan Italiya suka yi. Iska ta juyo da hayaƙi kanmu, ni da na san iska fiye da kowa na tsaya a inda bai kamata ba saboda kar in rabu da Merv. Hotunana hazo ne kawai. Amma da aka gama ya nuna mini nasa a bayan kyamara, sai na ga wutar Italiya tana tsaye a sama, zare-zare, irin tamu sak. Na kalle ta da idona, Lina, ba ta yi haka ba. Na ce masa ya yi mata wani siddabaru da kwamfuta. Ya ce wace kwamfuta a kan yashi?

Na nuna masa baƙin kwalinki. Ya juya shi yana murmushi, ya ce mai wannan ta san aiki. Wai ana barin idon kyamara a buɗe, a rufe shi da kwalin idan sama ba komai, a janye idan wuta mai kyau ta tashi, a sake rufewa, har a tara uku ko huɗu a hoto ɗaya. Na ce matata ba ta bukatar dabara, wutarmu ce mai kyau. Ya ce to, Allah ya kai mu Asabar.

Ko dai 'yan Italiya sun samu sirrin gawayin, idona ne ya tsufa bai gani ba? Ko Merv ne maƙaryaci? Bai yi kama da maƙaryaci ba. Na so in tambayi Josette, amma tana dawowa a gajiye, hannunta duk baƙi, tana barci a kan kujera da takalmi. Saura dama ɗaya, kuma har yanzu ba ni da hoto ko ɗaya da za a nuna wa mutum.

Naki,
Wenzu


Ranar Lahadi

Zuwa ga Lina,

Ina gaishe ki, ina gaida hannun dama da na hagu duka. Allah ya sa wannan ta same ki zaune ba kwance ba.

Mun zo na biyu. 'Yan Filifin suka ɗauki kofi, kar ki tambaye ni yadda alƙalan suka yi lissafi. 'Yarki ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, ba bututun da ya ƙi tashi, kowa ya sauko daga jirgi da yatsunsa cikakku. Na fara da wannan don hankalinki ya kwanta, saura kuma ki yi haƙuri da ni, don har yanzu ban gama warware shi ba.

Na je da wuri, na zaɓi inda iska ke bayanmu, har Merv ya bi ni. Aka kashe fitilun bakin teku, kiɗa ya tashi, Josette ta buɗe da ja da fari. Na ɗaga kai, karo na farko a rayuwata ina kallon wutar gidanmu daga nesa. Ta fashe, ta yi kyau, ta mutu. Ta biyu ma haka. Na ce a raina jira dai a zo kan zinariyar, wadda muke alfahari da ita. Aka zo kanta. Ta buɗe, ta zubo kaɗan, ta mutu kamar ta kowa.

Na ce shi ke nan, yarinyar nan ta kashe aikin kakanta da gawayin kanti, a gaban ƙasashen duniya. Na ji haushinta, Lina, haushi na gaske, har ina shirya maganar da zan gaya mata. Abin da ya ƙara rikita ni, mutanen da ke kewaye da ni suna ta tafi, wata mata kusa da ni tana share hawaye. Ina tsaye a sandare, na dunƙule hannu, ashe wayar tana ciki, babban yatsana ya danne maɓallin ban sani ba. Sai da Merv ya buge mini hannu na saki.

Da aka gama ban ko so duba kyamarar ba. Shi ya kunna ta. Ɗigo-ɗigo, ɗigo-ɗigo, wani fari fat, sai ga guda ɗaya. Zinariyarmu ce, tana tsaye a sama, kowane zare ya sauko har kusa da ruwa, irin wadda ke saman talabijin ɗinmu. Wutar da na gani da idona ta mutu, ga ta nan a raye.

Na zauna a kan yashi. Merv ya zaci jiri ne, ya fara neman ruwa.

Da Josette ta sauko na rungume ta, tana warin hayaƙi, na nuna mata hoton. Na tambaye ta ko wutarmu dama haka take mutuwa, tun zamanin gawayin inabi. Ta kalle ni kamar ba ta gane tambayar ba.

“Baba, duk wuta haka take. Mama ce ke tsayar da ita.”

Na ce me ya sa aka ɓoye mini? Ta ce ba wanda ya ɓoye, kowa ya ɗauka na sani.

To ni ban sani ba. Na sha tsayar da baƙi a gaban bangon nan ina cika baki, kina kawo shayi kina jina, ba ki taɓa cewa uffan ba. Dariya kike yi mini a kicin, ko tausayina kike ji? Na yi ta juya abin, in ji kunya, in ji dariya, in kuma ji kamar an karɓe mini wani abu an ba ni wanda ya fi shi. Wutar mahaifina ba ta fi ta kowa daɗewa ba, wannan ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma abin da na yi ta alfahari da shi duk shekarun nan, ashe aikin hannunki ne.

Ga alkawari na cika, hoto ɗaya tak, shi ma na haɗari. Ya ɗan karkace, kuma kan wani mai hula ya shigo ta ƙasa. Ba zai kai naki ba, amma na 'yarki ne, kuma da kyamararki aka ɗauka. Gobe za a wanke shi, jibi in kamo hanya.

Yanzu ga roƙona. Bikin cocinmu yana tafe, Josette ce za ta harba, ni an riga an kore ni daga bututai. Zan kai miki kujera bakin filin, in kafa kyamarar, in riƙe wayar. Ban san lokacin buɗewa ba, ban san lokacin rufewa ba, kuma yatsan nan nawa zai gudu in ba a tsare shi ba. Ki ɗora hannunki na hagu a kan nawa, ki danna in lokaci ya yi, kar ki bar ni in saki sai kin yarda. Don haka ki ci abincinsu, ki yi abin da matar yatsun ta ce, ki dawo gida. Ni kaɗai ba zan iya tsayar da ita ba.

Mijinki mai sonki,
Wenzu