Tandar Inna da Takardun Muhammadu Huɗu

Ƙofar Taramniya,
Sakkwato.
14 ga Nuwamba, 1960.

Zuwa ga yayata Juwairiyya, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga ƙaninki Siddiƙu, da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Bawa da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Baba, ya haskaka makwancinsa, ya sa can ta fi masa nan. Mu nan lafiya muke. Inna tana cikin takabarta, jikinta da ƙwari, sai dai ƙafar nan da ke damunta in ta daɗe zaune. Tani ta yaye ɗanta, Kawu Arzika kuma ya aiko mana da gero daga Kwalkwalawa, ya ce bana gona ta yi albarka. Bikin samun 'yancin kai an yi an watse, a ofis an raba mana ƙananan tutoci masu kore da fari, amma a gidanmu ba wanda ya leƙa waje.

Yaya, sau biyu kina aiko fatake su tambaye ni abin da ya tsayar da rabon gado, har kina cewa ko sanyin jikina ne ya motsa. To, ba shi ba ne wannan karon. Da aka buɗe akwatin ƙarfen Baba an iske takardun hannun jari guda huɗu, wato shaidar cewa mutum ya sa dukiyarsa a kamfani, in an ci riba a ci da shi, in an faɗi a faɗi da shi. Shekara biyu da suka wuce wani wakili ya riƙa zuwa daga Kaduna yana zaga kasuwa, yana cewa mutanen Arewa su shiga a dama da su tun Turawa ba su tafi ba. Baba da aminansa uku, Baba Lawwali mai fatu, da Baba Mode mai raƙuma, da Alhaji Na'Allah, kowa ya sayi ɗaya, kowa da lokacin da ya saya, suka ba Baba ajiya domin shi ke da akwati mai kwado. Ɗaya ta masaƙa ce, ɗaya ta siminti, ɗaya ta taba, ta huɗun ta wani kamfanin motocin ɗaukar kaya. Masaƙa ta bunƙasa ƙwarai, siminti da taba suna nan suna lallaɓawa, motoci kuwa sun durƙushe tun bara, takardarsu ko ƙunshin goro ba za ta yi ba.

Ga inda aka yi kuskuren. Kin san dattijo ba ya ba da laƙabi a rubuta a takarda, sai sunan yanka. Su huɗun nan kuwa kowannensu Muhammadu aka raɗa masa. Da wakilin ya nemi suna na biyu, sai kowa ya ba shi sunan gari kamar yadda aka saba. Saboda haka kowace takarda abu ɗaya ke kanta: Malam Muhammadu Sakkwato. Na rubuta wa kamfanonin, suka ce haka yake a littafinsu. Wakilin ya bar aikin, ba wanda ya san inda ya nufa. Alƙali kuma ya ce ba zai taɓa gadon ba sai an fitar masa da takardar Baba daga ta mutane.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, masu abu suna raye. Na je wurin Baba Lawwali, ya ce ta motoci tasa ce, ta masaƙa kuwa ta Baba ce. Na je wurin Baba Mode, ya faɗi haka nan. Na je wurin Alhaji Na'Allah, bai ko bari na zauna ba ya ce shi ne ya yi hasarar motoci, mu ɗauki masaƙarmu mu yi gaba. Mutum uku suna jayayya a kan mushe, kowa na ture mana nama. Da na yi zancen rantsuwa sai kowa ya kama tari. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, raina ya so abin. Katangar bayan gida ta zube da damina, ga Inna, ga ƙannenmu, na ce wa kaina wanda aka ba kyauta ba ya tambayar kuɗinta. Amma alƙali ba zai karɓi mutum uku a kan takarda ɗaya ba. Kwana uku ina zaune da fensir, ni da na gama Midil, ni da ake kira malam a ofishin En'e, ina ja ina gogewa, ban fito da komai ba sai ciwon kai.

Ranar Alhamis da hantsi Inna ta kira ni ɗakinta ta ce in faɗa mata abin da ke hana ni cin abinci. Na faɗa mata duka, har da shawarar da zuciyata ta fara ba ni. Ta ce in haƙƙin wani ya shiga gado, mu za mu ci, amma mai kabari za a tambaya. Sai ta ce in ɗauko mata tandarta ta masa, babbar nan mai gurbi goma sha shida, layi huɗu huɗu, wadda ta jingine tun ranar rasuwa. Ta sa na kwaso tsakuwa cike da hannu, ta ɗauko dabino huɗu. Ta ce kowane layi na kwance mutum ɗaya ne, kowane layi na tsaye takarda ɗaya ce. Inda abu ba zai yiwu ba a sa tsakuwa, inda ya tabbata a sa dabino. Na yi dariya a raina, Allah ya yafe mini.

Abu ɗaya ta nema a wurina, in karanta mata ranar da ke kan kowace takarda in mayar mata da ita watanmu. Na duba kalanda na gaya mata: ta masaƙa a watan azumi aka buga ta, ta siminti a watan da ke kafin Babbar Salla, ta motoci a watan Babbar Salla, ta taba kuwa sai can a watan Mauludi. Ta tambaye ni ko wakilin yana karɓar aike, na ce a'a, sai mutum ya zo da ƙafarsa, ranar kuma ake buga takarda. Ta gyaɗa kai ta ce Alhaji a shekarar ya sauke farali, ya tashi bayan Ƙaramar Salla, bai dawo ba sai bayan Cika-ciki, ita ce ma ta soya masa guzuri. Wanda ke Makka ba ya ciniki a Sakkwato. Ta jefa tsakuwa biyu a layinsa, gurbin siminti da na motoci. Ta koma kan mai raƙuma, domin kin san ba ta faɗin sunayen aminan Baba. Ta ce mutumin da ba a shiga zaurensa da warin taba ba zai sa sisinsa a taba ba. Kuma tun da mota ta kashe masa raƙumi a hanyar Gusau ya ce ba shi ba mota, ko Wurno a kan jaki yake zuwa. Tsakuwa biyu suka sake faɗawa.

Daga nan ta daɗe tana juya dabino a hannu, har na zaci ta maƙale. Can sai ta ce ta tuna. Ranar Ƙaramar Salla ta waccan shekara mai fatu ya zo barka da salla, tana jin muryarsa daga zaure yana nuna wa Baba takardarsa, yana cewa ya daina tsoro ya saya. Ta ce in duba, wace takarda ce ta riga Ƙaramar Salla zuwa duniya? Na duba, ta masaƙa ce kaɗai. Ta aza dabino a layin Baba Lawwali, ta cike sauran gurabunsa da tsakuwa, ta kuma toshe gurbin masaƙa a layin kowa. Yaya, daga nan tandar ce ta riƙa magana da kanta. Alhaji ba shi da sauran wuri sai taba, ga shi daga Makka sai kamfanin taba, ko da yake mun san garin taba ba ya rabuwa da leɓensa. Baba Mode ba shi da sauran wuri sai siminti. Layin Baba kuwa, wallahi ko kalma ɗaya ba ta faɗa a kansa ba, na mutane ne suka rufe masa ƙofofi uku, gurbi ɗaya ya rage a buɗe, na motoci. Ta sa dabino na ƙarshe a ciki.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon tandar nan ba. Mamaki ya cika ni, da wani irin kwarjini da ban taɓa ji a gabanta ba. Matar da ba ta san baƙi ɗaya na boko ba, wadda ba ta taɓa taka kasuwa ba, ta warware abin da ya gagari alƙali da kamfani huɗu da ni, tana zaune a kan tabarma, kafin rana ta take tsaka. Duk shekarun nan muna ganin masa kawai take soyawa, ashe ba abin da ya wuce ta ƙofar zaure bai sami gurbi a kanta ba. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, to balle wanda ya hau kujerar ofis.

Bayan sallar Juma'a na tara dattawan uku a zaure, na ajiye tandar a gabansu na bi musu ita gurbi gurbi, Inna tana tsaye daga bayan ƙyaure. Baba Mode ya sunkuyar da kai. Alhaji ya yi ta salati. Baba Lawwali ya fara musu, da na kai kan ranar salla sai hawaye suka zubo masa har gemu, ya ce su dai marayun amininsu suka duba, ba cuta suka nufa ba. Daga bayan ƙyaure Inna ta amsa masa a hankali: "Na san abin da kunka nuhwa, Allah shi saka muku da alheri. Amma kyauta daban, gado daban. Ku bar mai abinai, ko toka na." Kowa ya karɓi takardarsa da hannu biyu, kuma washegari na ga magina a bayan gida, Baba Lawwali ne ya turo su gyaran katanga. Wannan Inna ba ta hana ba, ta ce kyauta ce, kuma ta zo da sunanta.

Saboda haka Litinin mai zuwa alƙali zai raba gado. Ki aiko da kalmarki ko kin wakilta ni. Kada ki sa rai da takardar motoci, rabonki a cikinta bai kai kan sarkin da na liƙa wa wasiƙar nan ba. Amma akwai abin da nake so ki sani. Da na mayar da tandar na tambayi Inna, da ta hango inda tsakuwa ta dosa me ya hana ta tsayawa, tunda ba wanda zai sani. Ta ci gaba da tsince tsakuwar, ba ta ko ɗago ba, ta ce: "Shekara talatin da huɗu ina wanke mai riga. Ba ni bari shi tashi gaban Allah da dauɗa." Har yanzu in na tuna sai ƙwalla ta cika mini ido.

Ki gaishe mini da Malam Bawa da kyau, da Garba da Ladi da 'yar autarki. Tani tana gaishe ki, da Gwaggo Uwani, da Kawu Arzika, da dattawan nan uku. Inna ta ce a gaida waccan ta Kumasi, kin san bakinta ba ya kama sunan 'yar fari. Ta ba ni dabinon da ya zauna a gurbin Baba ta ce naki ne, zan ba fataken goro su kawo miki. Allah ya sada mu da alheri.

Naki ƙani,
Siddiƙu.