Lungunmu na Kuje Ya Ɓace a Hoto

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na katse maka karatu. Yaya jiki, yaya sanyin can, yaya Hauwa da yara? Muna lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Masu awon filaye sun ɗauki hoton unguwarmu daga sama, kwamfuta ta ware gidaje. Na karanta a wata ƙasida cewa takan kumbura kowane rufi, sannan ta zaftare gefensa, domin toshe ƙananan giɓi. Lungun da ke tsakaninmu da maƙwabcinmu Baba Danjuma siriri ne, sai ta toshe shi. Gidaje biyu sun zama ɗaya, kuma sunansa za a sa a takardar mallaka, tunda ya riga mu nema. Na yi wa wani ma'aikacin ofishin awon bayani, ya ce, "Oga, kwamfuta ba ya ƙarya." Alhali a lungun nan Inna take shanya.

Roƙona uku ne:

1. Tunda fanninka ne, ka rubuto bayanin kuskuren, da sa hannunka, kafin a buga wa takardar hatimi.
2. Ka sa mu a addu'a, ka gai da kowa.
3. Kada ka gaya wa Inna a waya, ba ta sani ba.

Ina jiran amsarka a rubuce.

Yayanka,
Bello