Shafukan da Ba Su da Mai Su

Litinin, 7 ga Oktoba

"Ko shafi ɗaya ba zai ɓace ba, Lorna, na yi miki alkawari." Haka Desmond, shugaban ofishinmu, ya ce a watan Mayu, har da dafa ƙirji. Yau ya turo sabuwar doka ta imel: duk shafin intanet na jami'a da ba shi da ma'aikaci mai rai da ke riƙe da shi, za a goge shi ƙarshen wata. Kuma ni zan koya wa ma'aikata yadda ake gogewa.

Shafin Anders na ciki. Marigayi mijina. Hotunan ƙasar gonakin da ya yi rayuwarsa yana tonawa, da bayanansa masu cike da kuskuren rubutu. Manhaja ba ta san mamaci ba, "babu mai shi" kawai take rubutawa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Aji na farko. Sakatarori da malamai, kowa da kofin kofi, kowa na kallon agogo. Na nuna musu yadda ake shiga, a sa hoto, a nemi amincewa kafin wallafawa. Wani farfesan falsafa ya tambaye ni ko dole ne ya zo da kansa. Na ce a'a, ya turo ruhinsa. Bai yi dariya ba.

Darasin gogewa na bar shi ƙarshe, na karanta shi kamar mai karanta sammaci.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na tare Desmond a bakin lif ɗin hawa bene. Wai ba shi ya yanke ba, kwamiti ne. Na karanta tarihi da yawa, ban taɓa ganin ɓarnar da ba kwamiti ya yi ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Hutun bikin godiya na shekara, ranar da iyalai ke haɗuwa cin abinci. Ni kuwa miyar gwangwani na sha. Dusar ƙanƙara ta fara.

Laraba, 16 ga Oktoba

Bernice ta sashen kiɗa, wadda kullum take manta kalmar sirrinta, wadda na sa a raina ba za ta taɓa koyo ba, ta tsaya bayan aji. Ta ce akwai wata malamar piyano da ta rasu bara, shafinta na cikin na gogewa.

"To, 'yar'uwa, in na sa sunana a kai fa? Ai ni ban mutu ba tukuna, ko da yake gwiwoyina sun riga ni."

Na ce doka ba ta hana ba. Ni da na haddace dokar, ban taɓa tunanin haka ba. Fushi kawai nake ta yi. Muka sa sunanta tare, sau biyu tana danna inda ba daidai ba. Sannan ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Na mijinki fa, wa ya ɗauka?"

Ban san ma'aikata sun san shafinsa na ciki ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Da safe na buɗe shafin Anders. Sunan Bernice ne a kai. Ba ta tambaye ni ba. Na so in ji haushi, na jira, bai zo ba.

Na rubuta wa Desmond: na ba shi zuwa Juma'a tsakar rana ya sanar cewa an yarda ma'aikata su riƙe shafukan mamatansu. In bai yi ba, zan koyar da dabarar a kowane aji da ya rage, da sunana, ya kai ni gaban kwamitin nasa.

Asabar kuma zan kira ƙanin Anders ya zo ya ɗauki takalman aikin marigayin da ke bakin ƙofa. Girman ƙafarsu ɗaya. Sanyi ya shigo, kada su lalace a banza.