Hannun da Na Dunƙule wa Sagir

Chittagong, 9 ga Mayu

Zuwa ga matata Hosne Ara, Uwar Shefali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Shefali da duk mutanenmu na Sandwip. Yaya ƙafar nan taki, ta daina kumburi? Teku bai sake cin gonar gabas ba ko? Ni dai lafiya ƙalau, sai ranar da take gasa mu a kan ƙarfen jirgin ruwa.

Saƙonki ya iso. Na ga ƙunshin busasshen kifi guda biyu, ɗaya nawa, ɗaya na ƙaninki Sagir. Ba wai na ɗora su a sikeli ba ne, amma wanda ya shekara ashirin da biyu a cikin lodi ya san nauyi da hannu. Nasa ya fi. A wasiƙarki kuma sunansa ya fito sau shida, nawa sau ɗaya, shi ma a bayan ambulan. Ba komai, Allah ya ba mu haƙuri.

Kin ce kin ji an ba shi agogon hannu. E, an ba shi. Manajan kamfaninmu da kansa ya ɗaura masa a gaban jama'a, wai babu direban kiren, wato injin ɗaga kaya, da ya kai shi sauri a duk gaɓar nan. Aka yi ta tafi, ni ma na tafa, da yake mutane suna kallona. Amma tunda ke ba ki taɓa taka tashar nan ba, bari in gaya miki wanda yake yin aikin.

Sagir yana can sama ne a ɗan ɗakin gilashi, a ƙolin injin ɗaga kaya, fanka tana kaɗa masa. Daga inda yake ba ya ganin cikin rumbun jirgi, inda lebura goma sha biyu suke kwance kaya suna jera su. Ni nake tsaye a bakin rumbun, ido ɗaya a ƙasa, hannu ɗaya a sama. In na juya yatsa, ya ɗaga. In na kife tafin hannu, ya sauke. In na dunƙule, ya tsaya cak. Wannan shi ne duk saurin nasa da ake kururutawa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma wa ya koya masa? Kin manta ranar da na kawo shi garin nan da 'yar jakarsa ta buhu, yana amai tun daga cikin jirgin fito? Ni na nema masa aiki. Ni na zaunar da shi na ce, ko uwarka ce ta fito daga kabari ta ce ka ɗaga, kada ka motsa sai hannun mai ishara ya buɗe, domin akwai ɗan wani a ƙarƙashin kayan. Tare muka zana jarrabawar tuƙin kiren a kan ƙaramin injin fili, tare muka ci. Kujera ɗaya ce, aka ba shi don yana karanta Turancin jikin akwatuna, ni aka rubuta sunana a layin jira. Yau shekara bakwai ina jira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fara'arsa. Zai sauko lokacin cin abinci ya tsuguna kusa da ni, ya sa hannu a shinkafata, yana kirana Dulabhai, mijin Yaya, kamar babu abin da ya canza. Jiya har da miƙo mini agogon, wai in ɗaura in ji yadda yake. Na ce ya riƙe abinsa, ni rana ce agogona, a kaina take wuni. Ya yi dariya, ya ce shi ya sa ƙeyata ta ƙone kamar gindin tukunya. Leburori suka fashe da dariya. Wasan ƙanin mata da mijin yaya ne, na sani, amma wallahi sai na ture kwanon na tashi.

Yanzu kuma ana raɗe-raɗin za a tura mutum ɗaya Singapore ya koyo tuƙin sababbin injinan kwantena. Ba sai na faɗa miki sunan da ke bakin kowa ba.

Ki gaishe da Shefali, ki ce ta riƙe karatu, tunda da alama shi ke kai mutum sama. Ki shafa man nan a ƙafarki safe da yamma.

Naki har kullum,
Didarul Alam

Chittagong, 2 ga Yuni

Zuwa ga Uwar Shefali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar lafiyarki da ta yarinya. Na ji an fara ruwa a wajenku, Allah ya sa na albarka ne. Ki sa a ɗaure rufin ɗakin girki tun kafin iska ta zo.

Na karanta amsarki. Wai hassada ga mai rabo taki ce. Haba, Hosne Ara! Ni zan yi wa yaron da na goge wa majina hassada? Gaskiya na faɗa, ita ce ba ki so.

To, ga labari, gara ki ji daga bakina. An sauke Sagir daga kan kiren.

Ranar Talata muna lodin dilolin rama a wani jirgi mai zuwa Turkiyya. A kogin nan namu, babban jirgi ba ya fita sai ruwa ya cika, kuma da hasken rana. Cikar ruwa ta ranar ƙarfe huɗu ce. Helma Kashem, shugaban ayarinmu, ya tara mu tun safe ya ce manaja ya yi wa masu jirgin alkawari, kuma akwai jirgin alkama a bakin teku yana jiran gurbin nan kwana biyar. Ya dafa kafaɗar Sagir ya ce yau ce ranarsa, in jirgin nan ya fita a kan lokaci, ya fara haɗa kayan Singapore. Ni ko kallona bai yi ba.

Aiki dai bai yi sauri ba. Ƙarfe huɗu ta yi, jagoran da zai fitar da jirgin ya hau, ƙananan jirage biyu da za su ja shi sun iso suna ta hura ƙaho, mu kuwa da sauran dila kusan sittin a kan gaɓa. Kafin mu rufe rumbu ruwa ya fara janyewa. Jagoran ya duba kogi, ya girgiza kai, ya sauka abinsa. Jirgi ya kwana, na alkama ma ya ƙara kwana. Kyaftin ɗin ya yi ta zagi da harshen da ba wanda ya sani, manaja kuma ya yi nasa da wanda kowa ya sani.

Washegari aka kira mu ofis. Suka duba sau nawa ƙugiya ta je ta dawo a kowace awa, suka ga ya gaza na kullum, inji kuma lafiyarsa ƙalau. Aka tambaye ni, na ce ni dai na yi aikina yadda na saba. Aka tambayi Sagir me ya same shi. Ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya ce ba shi da abin faɗa. Shi ke nan. An mayar da shi aikin ƙasa sai abin da hali ya yi, batun Singapore kuma ya sha ruwa.

Kada ki yi kuka, ba korarsa aka yi ba. Wataƙila ma alheri ne, girman kai ya fara yi masa yawa. Agogo dai bai hana ruwa janyewa ba.

Akwai kuma wani labarin. Da yake sunana ne na farko a layi, ni zan hau kujerar daga ranar Asabar. Ki gaya wa mutanen gari mijinki ya zama direban kiren. Na so in ji daɗin rubuta wannan layin fiye da yadda nake ji, ina ganin gajiya ce. Ban iya cin abinci sosai kwanan nan, kifin naki yana nan ban taɓa ba.

Ki yi mini addu'a. Ki gaishe da Shefali.

Mijinki,
Didarul Alam

Chittagong, 11 ga Yuni

Zuwa ga Hosne Ara,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da Shefali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ki karanta ta ke kaɗai.

Wasiƙar da na aiko miki ta baya ƙarya ce. Ba Sagir ne ya yi nawa ranar Talatar nan ba, ni ne.

Tun da helma ya dafa kafaɗarsa na ji wani abu ya taso mini. Ban shirya komai ba, wallahi. Amma da aka sauke dila ta farko, leburori suka kwance ƙugiya suka ja baya, lokacin buɗe hannu ya yi, sai na bar shi a dunƙule. Numfashi uku kawai, sannan na juya yatsa. Na yi haka a ta biyu, na yi a ta uku. Na ce a raina, bari a ga saurin nasa in babu ni. Numfashi uku ba komai ba ne, ba wanda zai lura. Amma ki tara shi sau ɗari biyu da wani abu, ya isa ruwa ya tafi ya bar jirgi. Na ɗauka tsakanina da Allah ne kawai.

Ranar Asabar na hau. Matakala casa'in da huɗu. Na zauna a kujerar da na shekara bakwai ina mafarki, na kunna fankar da na shekara bakwai ina zagi. Na leƙa ƙasa in ga wanda helma ya ba ni mai ishara. Ƙaninki ne, tsaye daidai inda nake tsayawa, rana a kansa.

Muka fara sauke buhunan sukari cikin rumbun wani jirgi. A nan na gano abin da ban taɓa sani ba, domin ƙaramin injin da na koya a kai ba ya aiki da rumbu. Ashe direba ba makaho ba ne kamar yadda na rubuta miki. Ba ya ganin cikin rumbu, gaskiya ne, amma igiyar ƙarfen tana gaya masa komai. In kaya suka zauna, za ka ji a sandar da ke hannunka. In aka kwance ƙugiya, igiyar takan yi wata 'yar rawa, ka san an gama. Daga nan sai ka zuba wa hannun mai ishara ido. Hannun Sagir kuwa yana buɗewa ne a daidai wannan lokacin, ko ƙiftawar ido ba ya ƙarawa.

Hosne Ara, zufa ta karyo mini a cikin fankar. Ashe ranar Talata yana ji a hannunsa an kwance, yana kallon nawa a dunƙule. Sau ɗari biyu. Ya san ƙarya nake yi, kuma bai motsa injin ba ko sau ɗaya, saboda ni na koya masa kada ya motsa.

Na daure har lokacin cin abinci, na sauko. Na same shi a inuwar sito yana cin shinkafa da kifin da kika aiko masa. Na tsaya a kansa. Ya matsa mini wuri, ya turo kwanon, ya ce in zauna, ai saukowa ta fi hawa wuya. Na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce tun dila ta huɗu. Na ce to me ya hana shi faɗa a ofis? Ya ce Yaya ce ta goya shi bayan rasuwar Inna, da wane baki zai sa a kori mijinta a ce masa maci amana? Sai ya ci gaba da cin abincinsa. Da ma marina ya yi.

Ban koma sama ba. Na wuce wurin helma Kashem na faɗa masa komai, ya kai ni gaban manaja na maimaita. An dakatar da ni wata uku, an kuma goge sunana daga layin kiren har abada. Wannan bai dame ni ba, na cancanci fiye da haka. Sun mayar da Sagir kujerarsa, amma Singapore ta wuce, an riga an ba wani.

Abin da ya karya ni shi ne na jiya. Helma yana so ya gyara tsakani, ya ce in na dawo zai sake haɗa mu, tunda babu ayarin da ya kai mu. Sagir ya juyo gare ni. Ba da fushi ba, har da ɗan murmushin nan nasa. Ya ce, “Dulabhai, na yafe maka duniya da lahira, kuma gidanka gidana ne. Amma ba zan ƙara aiki da hannunka ba. In ka dunƙule shi, ba zan san ko mutum ne a ƙarƙashin kaya ko zuciyarka ce ba. Ranar da na yi shakka na ɗaga, zan kashe wani.”

Shekara ashirin da biyu ban taɓa bari ko yatsan lebura ya karye ba. Wannan hannun ne kaɗai abin da na mallaka a tashar nan, ni kuma na ɓata shi saboda agogo da ƙunshin kifi.

Bai gaya miki ba, na sani, kuma ba zai gaya miki ba. Shi ya sa na rubuta da kaina. Ki yafe mini in kin iya, in ba ki iya ba ni ba mai cewa komai ba ne.

Zan biyo jirgin fito na ranar Juma'a, zai iso da hantsi. In kin zo bakin gaɓa, zan tsaya a gefen jirgin ina kallonki. Ki ɗago mini hannu in kina so in sauka. In ba ki ɗago ba, ba zan motsa ba.

Ki shafa mini kan Shefali.

Mijinki, in har kin yarda,
Didarul Alam