Wanda Kike Alfahari da Shi

Daura, Jihar Katsina

Zuwa ga taubashiyata Juwairiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti da duk jama'ar Fatakwal. Allah ya ba marasa lafiyarku sauƙi, ya kuma ba su haƙurin zama da ke. Mu nan kalau muke. Damina ta yi albarka, geron gonarmu ta Sandamu har ya fara fitar da kai. Gwaggo na nan da ciwon gwiwarta, amma bakinta lafiya lau, jiya ma ta ce in gaya miki ta haife ki ne, ba ta haifi waya ba.

Labarin jarrabawar Turancinki ya iso gare ni ta bakin Lubna, kin kuwa san abin da aka gaya wa matata an gaya wa unguwa. Ta ce kin ci karatu da rubutu da saurare, magana ce ta kayar da ke. Na yi mamaki, don ban taɓa jin an kayar da 'yar gidanku a magana ba. Sai ta bayyana mini cewa mai jarrabawar ya miƙo miki kati, ya ce ki yi minti biyu kina siffanta wani ɗan gidanku da kike alfahari da shi. Zuciyarki ta tafi kan 'yarki Rauda, bakinki kuma ya tuna 'yar fari ce. Wai kin ce akwai wata yarinya a gidan mahaifiyarki, ba ta da laifi, tana dai ƙoƙari, daga nan kika sunkuyar da kai har lokaci ya ƙare. Na yi dariya har na ƙware, daga baya kuma abin ya dame ni. Na san asibitin can Ingila ba zai riƙe miki gurbin aikin ya wuce ƙarshen shekara ba, ga mijinki Mahdi yana zaune a can shi kaɗai yana cin burodi kamar gwauro.

Shekaruna da yawa ina koyar da Turanci, kuma na lura abin da ke kayar da mutanenmu a irin wannan zama ba ƙarancin kalmomi ba ne. An raine mu a kan cewa mai hankali ba ya zuwa kan magana kai tsaye, sai ya gaisa, ya kewaya, ya rage wa nasa daraja don kada a ce ya cika baki. A zauren Daura wannan tarbiyya ce, kowa zai gane cewa ba ta da laifi a bakin uwa yabo ne babba. Mutumin da ke gabanki da agogo bai san haka ba. Abin da kika furta shi kaɗai zai auna, shirunki kuwa ba shi da maki.

To ga yadda za ki gina amsar, ko mutum aka ce ki siffanta, ko wuri, ko wani abu da ya faru. Jumlar farko ta faɗi ko wane ne da abin da ya haɗa ku, da sunansa, ba wata yarinya ba. Sai ki ba mai sauraro abin da zai gani da ido: shekarunta, inda take zaune, yadda take tafiya da littafi a hammata kamar wani zai ƙwace. Daga nan ki kama labari guda ɗaya tak, ki bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Kada ki jero mini kirki da ladabi da haƙuri, waɗannan ko a kan akuya ana iya faɗinsu. Ki ba da labarin daminar bara, ranar da bangon ɗakin Gwaggo ya sha ruwa ya fara tsagewa, babu namiji ko ɗaya a gidan, Rauda ta goya tsohuwar da ta goya ta tun daga yaye, ta fito da ita tsakar gida, sannan ta koma ta ɗauko maganinta. Ki rufe da abin da kika ji a ranki sa'ad da labarin ya same ki. Nan ne maki yake, nan ne kuma na san za ki so ki gudu.

Kina iya cewa in an sake irin wannan tambaya za ki zaɓi wani, ko ni ma, tunda abin alfahari ne ni. Ba zan hana ki ba. Sai dai wanda ya ari labari a fuska ake gane shi, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba. Ki tuɓe ta a bakin ƙofa tare da jakarki, in kin fito ki ɗauki abarki.

Harshe sai da gwaji. Kafin ranar, ki sa agogo a gabanki, ki yi wannan amsar ta Rauda da ƙarfi, ki turo mini a saƙon murya in gyara miki. Abu ɗaya zan gaya miki don kada ki ce na yaudare ki: idona ya yi rauni, wayar nan kuma ta fi ƙarfina, saboda haka duk saƙon da ya shigo Rauda nake kira ta kunna mini, kuma Turancinta ya fi nawa. Shekararta goma sha bakwai ba ta taɓa jin sunanta a bakinki ba. Ban gaya mata wa kika zaɓa a ɗakin jarrabawa ba, wannan ba aikina ba ne.

Gwaggo na sa miki albarka. Lubna da Sagir da Auta suna gaishe ki, haka ma waccan yarinyar da ba ta da laifi. In kun yi waya da Mahdi ki ce ina yi masa sannu da jira. Allah ya buɗe bakinki, ya sa a dace.

Taubashinki mai jiran saƙo,
Harisu